Rozet da Wardi: Kalmar da Ta Yi Fatauci Daga Farisa Har Gonar Gyaɗa

 

Yau filinmu na tarihi zai bi sawun kalma guda, kamar yadda ake bin sawun saniyar da ta yi makuwa. Kalmar ita ce rozet, wadda Faransawa ke rubutawa rosette. In kana zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ko Gamboru da Fotokol, mai yiwuwa ta taɓa gilma maka a kunne. Malamin gona yakan faɗe ta in gyaɗa ta tsumbure. Tsohon soja yakan faɗe ta in yana maganar ɗan jan abin nan da manya ke maƙalawa a wuyan kwat. Masu kula da namun daji suna faɗinta a kan fatar damisa. Tana kuma rubuce a jikin wani nama da ake sayarwa a manyan kantuna, kuma za mu zo kansa, don akwai gargaɗi a ciki. To me ya haɗa gyaɗa da soja da damisa? Fure ne, kuma ka san sunansa da Hausa: wardi.

Bari mu fara da warware kalmar. A Faransanci furen wardi shi ne roz. In Bafaranshe yana son ya ƙanƙantar da abu, sai ya liƙa masa "et" a wutsiya. Kai da ke lodi a tasha ka san kamyo, ka kuma san kamyonet, wato ƙaramarsa. Sigarin da ake sayarwa kara-kara ma haka sunansa ya samu, daga sigar, babban naɗin taba, aka fitar da sigaret. To rozet ke nan: ɗan ƙaramin wardi. Faransawa sun daɗe suna amfani da ita, sannan Ingilishi suka are ta wajen ƙarshen ƙarni na 18, ba su canza mata ko harafi ɗaya ba. Shi ya sa malamin gona na Katsina da takwaransa na Damagaram, duk da ba makaranta ɗaya suka yi ba, a nan bakinsu ya zo ɗaya.

Su kansu Faransawan gadonta suka yi daga Latin, harshen Rumawan da, inda ake cewa rosa. Akasarin masana harshe suna ganin Rumawa daga Girkawa suka samo, su kuwa Girkawa suna cewa rodon, a wani tsohon karin harshensu kuma wrodon. Ka riƙe wannan "w" ɗin da kyau. In aka ƙara bin sawu gabas, sai a iske tushen a tsoffin harsunan ƙasar Farisa, Iran ta yau, inda sunan furen yake kusa da warda. Daga nan hanya ta rabu. Reshe ɗaya ya yi yamma ta Girka da Rum har Faransa da Ingila. Ɗayan ya bi ta harshen Aramiya ya shiga Larabci ya zama ward, ya sauka gaɓar Afirka ta Gabas inda masu Suwahili ke cewa waridi, ya kuma ratso Sahara da malamai da fatake ya iso mana a matsayin wardi. Kalmar ta zo a Alƙur'ani mai girma, a aya ta 37 ta Suratur Rahman, inda aka siffanta jan da sama za ta yi ranar da za ta tsage.

Ka ga ke nan rozet da wardi 'ya'yan wa da ƙani ne. Ɗaya ya zo mana a bayan raƙumi tun ƙarnoni da dama, ɗayan ya zo a jirgin ruwa tare da Nasara, suka haɗu a kasuwar kan iyaka ba su gane juna ba. Haka in ka ji yarinya sunanta Warda, wata a makwabta sunanta Roz, wata kuma Roda, to takwarori ne.

Abin dariyar shi ne, a gidan da kalmar ta fito, can ne ta fi canza kama. Farisawan yau ba sa cewa warda, gul suke cewa. Bakinsu ne ya juya "w" ta farko ta koma "g", "rd" kuma ta narke ta zama "l". Kada ka yi mamaki, ai mu ma muna da irinta: Bakano ya ce biyar, Basakkwace ya ce biyat, wani ya ce biyal, kuma duk yatsun hannu ɗaya ake nufi. Daga gul ɗin nan da ab, wato ruwa, aka sami gulab, sunan da kake gani a kwalaben ruwan wardi da kwalayen turaren tsinke masu zuwa daga Indiya da Pakistan.

Kuma ba haka kawai kalmar ta yi wannan doguwar tafiya ba, kaya ta biyo. Shi furen ba ya jure tafiya, kwana biyu ya yi yaushi. Amma ruwansa da mansa suna shiga kwalba su yi shekara. Kafin a tatsi kilo ɗaya na man wardi sai an tara furen da ya kai tan uku zuwa huɗu, a tsinke shi da sassafe kafin rana ta kwashe ƙanshin. Kaya mara nauyi mai tsada, ai ka san shi ne abin son bafatake. Har yau ana noman wardi a Ɗa'ifa kusa da Makka, kuma da ruwan wardi gauraye da zamzam ake wanke ɗakin Ka'aba. Da yawa cikin kakanninmu sun san ƙanshin wardi, sun san sunansa, ba su taɓa ganin itacensa ba.

Wani ɗan ratse, saboda makiyaya. Wuridi, wanda ake ja bayan salla, ya yi kama da wardi a kunne, amma ba danginsa ba ne. Shi daga wata kalmar Larabci yake mai nufin isa mashaya, zuwan garke bakin ruwa a lokacinsa. Mai wuridi yana komawa ga zikirinsa safe da yamma kamar yadda shanu ke komawa rijiya.

To, wannan tarihin suna ke nan. Shi kuwa zanen, wato da'ira mai ganyaye da suka fito daga cibiya suka bazu ko'ina daidai wa daida, ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A ƙasar Iraƙi ta da, shekaru dubbai kafin a san wata ƙasa wai ita Faransa, zane mai ganye takwas alama ce ta wata abar bautarsu da suke kira Inanna, daga baya Ishtar. Sarakunan Assuriya da aka sassaƙa a jikin duwatsu suna ɗaure da shi a wuyan hannu, in ka gani sai ka rantse agogo ne. Wajen shekara ta 575 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin Babila Nebukadnesar na biyu, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanassar, ya gina wata babbar ƙofar gari da shuɗin tubali mai ƙyalli, aka jera mata waɗannan furanni farare masu rawayar cibiya, sahu-sahu. Jamusawa sun tono ta a aikin da suka fara a 1899, suka kwashe tubalan, yanzu tana tsaye a gidan tarihi a Balin. A fadar Farisa da sarki Dariyus ya fara ginawa wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa, zanen yana nan birjik, mai ganye goma sha biyu.

Ga inda gizo ke saƙa. Furen wardi na daji, wanda ba a yi masa aure ba, ganye biyar gare shi. Waɗannan zane-zanen kuwa shida ne, ko takwas, ko sha biyu, ko sha shida. Ba wardi masu sassaƙar suke kwaikwayo ba. Turawan da suka zo daga baya suna tone-tone da rubuce-rubuce ne suka dube su, suka ga sun yi musu kama da ɗan wardi, suka raɗa musu sunan da ke bakinsu.

Kuma in kana son ka san dalilin da ya sa ake samun zanen a ko'ina a duniya, ba sai ka je Babila ba. Ɗaure akuya a turke cikin ciyawa ka dawo da yamma: ta zana maka da'ira. Mai ginin ɗakin zagaye ko rumbu da turke da igiya yake fitar da tushe. Yanzu gwada wannan a kan rairayi. Zana da'irar, kada ka ƙara tsawon igiyar, kada ka rage. Cire turken ka kafa shi a bakin da'irar, ka sake zagayawa. Inda sabon layi ya yanki na farko, mai da turken can, ka sake. Sau shida za ka yi ka dawo daidai inda ka fara, ba ragi ba ƙari, kuma a tsakiya fure mai ganye shida zai fito da kansa. Haka lissafin da'ira yake a Kano, haka yake a Sin. Don haka ita kalma sai da aka yi dakonta daga gari zuwa gari, amma zanen ba wanda ya kai wa wani. Duk mai igiya da turke, ko mai saƙar faifai da ke farawa daga cibiya tana zagayawa, ko inna da ke ƙona zane a bayan ƙwaryar nono, kowa zai iya cin karo da shi a ƙofar ɗakinsa.

Shi ya sa kowace al'umma da abin da take gani a cikinsa. Larabawa da Farisawa masu ƙawata littattafai sun ga rana, suka kira babban zanen da ke buɗe littafi shamsa. Mai ɗinkin babbar riga a Zariya ko Kano ya dubi da'irar da yake murzawa a ƙirji da bayan riga, bai ga fure ba, ya ga gangar sarki, ya ce tambari. Kusa da ita ga aska biyu ko aska takwas, ga dagi, wanda asalinsa tafin ƙafar zaki ne ko na kyanwa. Alarammomin Barno da ƙasar Hausa da ke rubuta Alƙur'ani da ka suna sa manyan da'irori masu ja da rawaya a gefen shafi don nuna hizbi ko wurin sujada, aikin kuma sunansa zayyana. In waɗannan kayan suka shiga gidan tarihi a Turai, sau da yawa takardar da ke gefensu rozet take cewa, a shafe tambari, a shafe zayyana. A ganina nan akwai asara, har ta kuɗi. Bafataken da ke kai riguna ko matasan fata Kwatano ko Njamena, in ya iya cewa wannan tambari ne, wannan dagi ne, ga ma'anarsu, ga garin da aka yi su, ya fi ƙarfin ciniki a kan wanda zai ce "zanen fulawa ne kawai". Kayan da ke da suna da asali ba a taya shi kamar na gwanjo.

Akwai wasu makiyaya da suka riƙe wannan da kyau. Turkumawa na tsakiyar Asiya masu kiwon tumaki da raƙuma da dawaki ne, matansu kuma su ne gwanayen saƙar darduma da gashin tumaki. Kowace ƙabila tana da nata zanen mai kusurwoyi da ake jerawa a tsakiyar darduma, kuma sunansa gul. Masana sun rabu biyu, wasu sun ce gul ɗin nan na fure ne, wasu sun ce daga kalmarsu ta tafki yake. Ko ma wanne ne, aikinsa ɗaya da shaidar da kake yi wa dabbarka, irin tsagar kunne da Fulani ke kira jelgol, ko lalas ɗin da Larabawa ke kira wasm: mai ido yana gani ya san ta gidan wane ce. Da ƙasar Turkmenistan ta sami 'yanci, tutar da ta ɗaga a 1992 tana ɗauke da gul biyar na manyan ƙabilunta. Ka duba dardumar masallacinku ko wadda ake shimfiɗa wa Arɗo, ko da ta inji ce, ba mamaki ka ga jikokin wannan zanen a kai.

Mu koma Faransa, don can ne kalmar ta yi 'ya'ya da yawa. A 1802 Napoleyon ya kafa lambar girma ta ƙasa, Lejiyon Donar. Mai matakin farko ɗan jan ƙyalle yake sawa. Wanda ya hau zuwa matakin ofisa sai a naɗe masa ƙyallen ya zama ɗan dunƙulen fure, shi ne rozet. Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa sun ɗauki wannan salon a lambobinsu, shi ya sa a Yamai ko Yawunde za ka ga dattijo da ɗan maɓalli mai launi a wuyan kwat, 'yan boko suna ganinsa suna gyara tsayuwa. A Ingila kuwa, rozet ita ce tattararren ƙyallen da ake rataya wa sa ko doki ko rago da ya ci gasar dabbobi, ja na ɗaya, shuɗi na biyu. A Amurka an juya, shuɗi ne na ɗaya. 'Yan takarar zaɓe a Ingila ma suna maƙala ta a ƙirji da launin jam'iyyarsu.

Ciro takardar kuɗi daga aljihunka, ko naira ko sefa, ka kai ta haske. Siraran layukan nan masu murɗewa suna komawa kan juna, in sun dunƙule suka yi da'ira, masu buga kuɗi rozet suke ce musu. Ba ado kawai ba ne, tarko ne ga masu jabu. A takardar gaske kowane layi yana tafiya shar, ba ya yankewa, ba ya cakuɗewa da na kusa da shi. A ta jabu da aka fitar da injin kwafi, layukan sukan dushe ko su farfashe su zama ɗige-ɗige. Wanda ke karɓar kuɗin shanu da magariba a Maigatari ko Mubi, ya haɗa wannan da shafa takardar da duba hoton da ke ɓoye cikinta.

Ga gargaɗin da muka yi alkawari. A manyan kantunan Yamai da Kwatano da Duwala, inda ake sayar da kayan Turai, akwai wani dogon busasshen nama da aka ɗura a hanji, an rubuta masa rosette, sau da yawa tare da sunan birnin Liyon. Naman alade ne. Sunan fure ne a kansa, amma in an aike ka sayayya ko an ba ka dakon kwali, ka san abin da ke ciki.

Akwai kuma wata rozet da ba ta da haɗi da fure ko kaɗan. A bakin kogin Nilu a Masar akwai gari mai suna Rashid. Turawa suka ji sunan, suka lanƙwasa shi ya koma wanda suka saba, Faransawa suka ce Rozet, Ingilishi suka ce Rozeta. A nan ne sojojin Faransa suka tsinci wani dutse a 1799 mai rubutu iri uku, wanda da taimakonsa Shampoliyon ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Dutsen yana Landan tun 1802. Dutsen Rashid ne, wardi bai san da zamansa ba.

Damisa fa? Dubi fatarta da kyau, rodi-rodin nan ba ɗigo ba ne zalla. Baƙaƙen tabo ne suka kewaye wani fili mai duhun rawaya, kamar fure. Su ma rozet ake ce musu. Ta Kudancin Amurka, jaguwa, tana da ƙarin ɗigo a tsakiyar kowane zobe, tamu ba ta da shi. Kuma ba damisa biyu da zanensu ya zo ɗaya, shi ya sa masu ƙidayar namun daji ke kafa kyamara a daji su gane kowace da rigarta. Tun 1975 damisa tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta hana cinikin fatarsu tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk sun sa hannu. Wanda ya karɓi saƙon fata a buhu don ya tsallaka da ita, ya sani ba kuɗin shayi ne zai fid da shi ba in ya haɗu da ma'aikacin da ya san aikinsa.

Saura gyaɗa, kuma nan ne kalmar ta fi taɓa tukunyar kowa. Masana tsirrai suna kiran duk tsiron da ganyensa ya kwanta a ƙasa ya kewaye cibiya, kamar latas ko kan abarba, da sunan rozet. Akwai wata cuta da in ta kama gyaɗa sai gaɓoɓinta su ƙi miƙewa, ganyen ya ƙanƙance ya cunkushe wuri ɗaya, wani ya yi rawaya, wani ya yi kore mai duhu. Daga nesa sai ka ce ɗan fure ne aka dasa. Manoma da yawa kuturtar gyaɗa suke ce mata, kuma sunansu ya fi dacewa da ita. An fara rubuta labarinta a 1907 a Tanganyika, Tanzaniya ta yau. Ƙwayar cutar ba ta tafiya cikin iri, darɓa ce ke ɗaukarta daga tsiro zuwa tsiro, 'yan ƙananan ƙwarin nan da ke tsotsar ganye su bar shi da danƙo.

A daminar 1975, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, cutar ta sauka a arewacin Najeriya ta cinye gonakin gyaɗa kimanin hekta 700,000, asarar da aka ƙiyasta ta kai dalar Amurka miliyan 250. Darɓa ba ta san duwan ba, ba ta san kwastan ba, Maraɗi da Damagaram ma sun sha. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda fari da kuɗin fetur suka riga suka fara zaizaye wa tushe, ba ta sake tashi ba. A Nijar kamfanin Sonara, da aka kafa a 1962 don sayen gyaɗa, ya rasa kayan da zai auna, 'yan kasuwa da dama suka koma wake da wasu hajoji. Makiyayi ma bai tsira ba, don gyaɗar da ta tsumbure ba ta ba da harawa, kuma kowa ya san abin da harawa take ga mai turkar ragon layya da mai saniyar tatsa a tsakiyar rani. Mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa kuwa ba a magana.

Cutar ba ta tafi ba, tana nan tana jiran shekarar da ruwa ya makara ko ya ɗauke a tsakiya, don a irin wannan lokacin darɓa ke yawa. Abin da malaman gona suka tabbatar shi ne, gyaɗar da aka shuka da ruwan farko takan yi ƙarfi kafin ƙwarin su iso, kuma wadda aka shuka kusa-kusa har ta rufe ƙasa ba ta jan darɓa kamar mai tazara. Gyauron da ya tsira da rani a fadama ko gefen lambu a tuge shi, nan cutar ke fakewa. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar Ikrisat mai rassa a Kano da Sadore kusa da Yamai, sun fitar da iri masu jure mata, daga ciki akwai Samnut 23 da Samnut 24, kuma na biyun yana nuna da wuri, yana ba da harawa mai kyau. In za ka sayi iri a Dawanau ko a kasuwar Maraɗi don kai wa ƙauye, tambayi mai shi sunan irin, ka kuma tambaye shi ko yana jure rozet.